Mai Rabon Ɗakuna a Ƙasar Dogaye

Wutar da muka zauna a gabanta muna yara ba ta itace ba ce. Murhun gas ne mai baki huɗu, a kicin ɗin Kaka, hawa na biyar a wani tsohon bene da ke bayan titin Fordham Road a Amurka. Idan sanyi ya kankama, hitar gidan, na'urar ɗumama ɗaki, takan yi ta ƙwanƙwasa kamar mai neman a buɗe mata ƙofa, amma ɗumi babu. Sai Kaka ta kunna baki biyu, ta ɗora tukunyar ruwa a kan ɗaya, shayi mai citta a kan ɗayan, ta jawo kujerarta ta roba ta zauna ta miƙe ƙafafu. Mu kuma mu zube a kan bargon da ta shimfiɗa tsakanin firji da ƙofa. A watannin sanyi magariba kan faɗi tun biyar ba ta cika ba, saboda haka kafin isha'i mun ci tuwo, mun wanke hannu, an fara.

Kowace Asabar haka ake yi, kuma a can muke kwana. Mu biyar ne jikokinta: ni da ƙannena biyu, sai Nafisa 'yar Baffa Sani da ƙaninta. Babana da Baffa Sani su kaɗai Kaka ta haifa. Ni sunanta aka sa mini, shi ya sa a gida ake ce mini Ummi, ita kuma ba ta kirana da komai sai takwara. Nafisa ta girme ni da wata huɗu, ta fi ni tsawo da kai guda, kuma ba ta taɓa bari na manta da ko ɗaya daga cikin biyun ba. Makarantarmu ɗaya, ƙungiyarmu ta ƙwallon kwando ɗaya. Ni gajera ce mai saurin hannu, aikina in kawo ƙwallo in miƙa mata, ita ta jefa a raga. A gidan Kaka ma katifarmu ɗaya.

Kaka 'yar Zangon Kumasi ce, kakanta ne ya zo daga Kano da fataucin goro bai koma ba. Idan muka amsa mata da Turanci sai ta ce kunnenta na hagu ne ke jin Turanci, shi kuma ta baro shi a wurin aiki. Ba ta fara tatsuniya yadda kowa ke farawa. Takan ɗaga murfin tukunya, tururi ya tashi, ta ce, "Ga ta nan, ta hau jirgin ruwa ta zo muku." Mu ce, "Ta sauka mu ji ta." Idan ta gaji kuma ta ce, "Ƙurunƙus, a kashe mini gas."

Shekarata goma sha biyu lokacin da ta kama ni ina hamma a daidai inda kura ta buɗe baki, inda ya kamata in ji tsoro. Ta tsaya ta dube ni sama da ƙasa.

"To, takwara ta girma, kura ba ta ishe ta ba. Tunda ku 'yan bol ne, yau zan ba ku ta 'yan bol. Wannan kuwa daga bakin mai ita na ɗauko."

Mai ita wani tsoho ne da take kula da shi. Aikin Kaka ke nan, kula da tsofaffi a gidajensu. Kwana biyar a mako take hawa jirgin ƙasa har ƙarshen Manhattan, ta shiga jirgin ruwa ta tsallaka zuwa unguwar St. George, ta hau tudu zuwa gidan wani Bature da ya haura tamanin, ta yi masa wanka, ta ba shi magani, ta dafa masa miyar kabeji. Sunansa ya ƙi zama a bakinta, sai take ce masa Papa. Ta ce Turancinsa gurgu ne, nata makaho, shi ya sa suke jan juna suna tafiya. Abin da ya faɗa mata da rana tana yanke masa farce, shi take kawo mana ran Asabar, bayan ta sa masa gishiri da yaji.

Wai akwai wata ƙasa a Turai da aka haɗa da gidaje shida, wato jihohi shida, bayan babban yaƙi. Kowane gida da irin maganarsa da irin ibadarsa, wasu coci iri ɗaya, wasu coci wani iri, wasu kuma musulmi. Nafisa ta ce, musulmi Turawa? Kaka ta ce farare tas, kuma suna azumi fiye da wasu da ta sani a kicin ɗin nan. A ƙasar nan ne wasu samari suka sa maƙeri ya lanƙwasa musu ƙarfe, suka kafe shi a jikin katako a wani fili, suka fara jefa ƙwallo. Da abin ya yi daɗi sai suka kama ɗaki ɗaya mai tebur ɗaya da tafireta, suka rubuta a ƙofa cewa nan ce hukumar ƙwallon kwando ta ƙasa baki ɗaya. Kaka ba ta son dogon suna, Ofishin Kwando kawai take cewa. Ofishin ya riƙa aika mutane da igiyar awo gari gari. Duk yaron da ke buga goshi a ƙofar ɗakin uwarsa, a rubuta sunansa. Idan an yi hutun makaranta a kwashe su a kai su kan dutse, inda babu komai sai iska da fili da dogon gida mai ɗakuna.

Papa kuwa gajere ne, shi kaɗai a cikin dogaye. Ya so wasa, wasa bai so shi ba. Ya fara da ɗaukar buhun ƙwallo, ya koma buga tafireta, daga baya aka ɗora masa aikin da kowa ke gudu, wato rabon ɗakin kwana. Dokarsa ɗaya ce: 'yan gida ɗaya ba sa kwana ɗaki ɗaya. Ɗan bakin teku da ɗan kan dutse, mai zuwa coci da mai alwala, mai surutu da wanda sai an matse shi yake magana. Kafin ya rubuta takarda sai ya san mai minshari, da mai tashi da asuba, da mai kukan uwarsa a ƙarƙashin bargo.

"Sun ji daɗi?" in ji ni.

"Daɗin me? Faɗa dai. Wannan ya ce a buɗe taga, wancan ya ce a rufe. Wannan safarsa na wari, wancan waƙar garinsu ta ishi kowa. Kullum da safe Papa zai buɗe ƙofa ya tarar da layi, ƙatti kamar turakun wutar lantarki, kowa na cewa a canza masa ɗaki. Shi kuma ya ɗaga kai ya dube su can sama ya ce, ku dawo gobe."

Gobe ta yi ya sake cewa su dawo gobe. Kafin wata ya ƙare, yaron da ya rantse zai shaƙe abokin ɗakinsa shi ne zai wurga ƙwallo ta bayansa ba tare da ya waiga ba, ta faɗa hannun abokin, don ya san takunsa, ya san numfashinsa, ya san lokacin da yake gajiya. Da haka 'yar ƙasar nan ta riƙa kayar da manyan ƙasashen duniya, ana dawowa da zinariya a wuya, ana jera kofuna a Ofishin Kwando har tebur ya kasa. Mun yi Asabar uku muna cin kofi a kicin ɗin Kaka. Ni da Nafisa har muka fara gwada jifan baya a makaranta, muka fasa wa wata yarinya tabarau.

Ana cikin haka masallacinmu ya rabu biyu. Ɗan masallaci ne a ƙarƙashin wani bene, mutanen Zango suka haɗu suka kama shi tun kafin a haife ni. Maganar Mauludi ce ta raba shi, wasu suka ce a ci gaba yadda aka gada, wasu suka ce ba shi da asali a daina. Babana yana cikin masu cewa a daina, Baffa Sani yana cikin masu cewa a yi. Aka raba darduma, aka raba butoci, har agogon bango sai da aka yi zama a kansa. Mu yara babu wanda ya yi mana bayani, amma kunnenmu na nan lokacin cin abinci. Wata rana a filin wasa Nafisa ta ture ni, ni kuma zuciya ta ɗebe ni na ce mata babanta ɗan bidi'a ne. Ban ma san ma'anar kalmar sosai ba, na dai san tana da zafi. Ta ce gara nata uban, nawa kuwa ya raina iyayen da suka haife shi. Na koma gida ina kuka, na ce wa Baba ni ba zan ƙara kwana katifa ɗaya da Nafisa ba.

Wannan magana tawa ita Baba ya ɗauka ya kai wa Kaka, ina tsaye a bakin ƙofa. Ya durƙusa ya gaishe ta, ya yi ta kewaye-kewaye, sannan ya ce, "Mma, don a zauna lafiya, na ga ko a raba Asabar ɗin. Wannan mako nawa su zo, mako mai zuwa na Sani. Yaran sun fara ɗaukar abin, kada ya yi nisa."

Kaka tana tsince wake a faranti, ba ta ɗago ba. "Sani ya yarda?"

"Na aika masa, ya ce shi ma haka ya gani."

"Ashe akwai abin da kuka yarda da shi tare. Na ji. Gida nawa ne, 'ya'ya naku ne."

Na yi murna, na ga na yi nasara. Da ina da wayo da na gane Kaka ba ta saurin yarda haka sai da dalili.

Asabar ta farko ta 'yan gidan Baffa ce. Da tamu ta zagayo, na baje ni kaɗai a kan bargo, babu mai tura mini dogayen ƙafafu. Kaka ta ɗaga murfin tukunya ta ce, "To, da suka hau jirgin saman nan, babu mai kallon ɗan'uwansa, saboda abin da rediyo ya faɗa."

"Kaka, wane jirgi? Me rediyo ya faɗa? Kin tsallake."

"Ban tsallake ba, na faɗa makon jiya."

"Ai ba ma nan."

"Ni ina nan, murhu yana nan. Tatsuniya ba tuwo ba ce da zan yi miki ɗumamenta. Wanda ya ji ya ji. Kina so, kin san inda rabin yake."

Na sha kunu, ta yi biris da ni ta ci gaba. Na dai tsinci abin da na tsinta: gidaje shidan nan sun fara zage-zage, kowane gida na cewa zai ware, ga kuma gasa a wata ƙasa dole a je a matsayin ƙungiya ɗaya. Ta kai su har ƙofar otal, Papa na tsaye da takardar ɗakuna a hannu, sai ta ce a kashe mata gas.

Bayan mako biyu da muka dawo, an riga an wuce otal. Yaƙi ya ɓarke, gidaje huɗu sun fita kowa ya buɗe nasa ofishin, duniya ta rufe wa sauran ƙofar wasa na wani lokaci. Tsohon sunan ƙasar ya zauna a ƙofar Ofishin Kwando da gida biyu kacal a ƙarƙashinsa, daga baya shi ma aka kwance shi, aka bar ramukan ƙusa. Aka shiga gardamar kofuna, na wa ne, tunda hannu shida ya ɗauko su. Papa kuwa ya tattara ya bi 'yarsa Amurka da wata takarda a aljihu. Kaka ta ce har yau idan ya tuna takardar sai ya kama hannunta ya ce, ni na fara, tun kafin a harba bindiga ni na fara.

"Me ya fara? Me ya faru a otal ɗin?"

"Allah sarki, takwara. Da kina nan da kin ji."

Na roƙe ta, na yi mata tausa, na wanke tukwane ba a sa ni ba. Ko a jikinta. Ni kuma taurin kai gadonsa na yi a wurinta, na ce ko zan mutu ba zan tambayi Nafisa ba. A fili ma na daina ba ta ƙwallo. Ina ganinta a ƙarƙashin raga ta ɗaga hannu babu kowa kusa da ita, sai in juya in ba wata, ko in jefa da kaina in zubar. Kocinmu, mai horar da mu, ta yi magana sau biyu, a na uku ta zaunar da ni a benci. Aka cinye mu ina zaune ina kallo. Abin ya yi mini ciwo, amma gaskiya ba rashin wasan ne ya fi damuna ba. Kwana nake ina tunanin ɗan gajeren mutumin nan a ƙofar otal da takarda a hannu, kuma na san mutum ɗaya ce a duk makarantar ta san abin da ya yi.

Ranar da aka cinye mu ɗin ce na sami Nafisa tana ɗaure takalmi. Na tsaya a kanta na ce, ba tare da sallama ba, me ya faru a otal. Ta ɗaure takalmin nan a hankali kamar ba za ta gama ba. Sannan ta ce sai na fara ba ta nawa, don ita ma ba ta san yadda aka yi suka isa otal ɗin ba, kuma ba ta san abin da ya biyo baya ba. Ashe ita ma wata guda ta yi tana cin tuwo babu miya. Muka fito muka bi Fordham Road a ƙafa, jaka a baya, tsakaninmu tazarar mutum ɗaya. Na ba ta nawa a gaggauce. Ita kuwa da ta zo nata sai ta canza murya, ta koma Hausa, ta kwaikwayi Kaka har da ɗaga murfin tukunyar da babu.

Wai da suka isa otal, 'yan wasan suka riƙa zuwa wurin Papa ɗaya bayan ɗaya. Ba layin safiya irin na da ba, mai ihu da dariya. Kowa ya zo a ɓoye, murya ƙasa ƙasa, ya ce Papa, wannan karon kawai, haɗa ni da ɗan gidanmu. Yaran da ya yi rainonsu tun suna buga goshi a ƙofa. Ya dubi fuskokinsu ya ga tsoro, ya ji tausayi, ya ce kada a yi abin kunya a ƙasar mutane. Sai ya yaga takardar ya rubuta sabuwa, kowa da ɗan gidansu, don a zauna lafiya. Kuma aka zauna lafiya. Babu wanda ya yi faɗa a kan taga. Da safe ya buɗe ƙofa bai ga kowa ba, ya sha kofinsa da zafinsa karo na farko a shekaru. Har gasar ma sun ci. Amma da aka sauka a filin jirgi kowa ya ɗauki jakarsa ya bi tasa ƙofar, ba sallama, kuma daga ranar babu wanda ya sake ƙwanƙwasa masa ƙofa ya ce a canza masa ɗaki.

Muna daidai wurin mai sayar da gyaɗa mai suga ta gama. Kunya ce ta rufe ni, don na gane a cikin tatsuniyar nan ni ba Papa ba ce, ni ce wadda ta je a ɓoye ta ce a canza mata ɗaki. Ban ba Nafisa haƙuri ba, ita ma ba ta ba ni ba. Ta sayi gyaɗa ta ci rabi ta miƙo mini sauran ba ta dube ni ba, muka ƙarasa gida muna gardamar wa ya jawo aka cinye mu.

Asabar ɗin da ta biyo ta 'yan gidan Baffa ce. Bayan la'asar na sa rigar sanyi na ce wa mahaifiyata na tafi gidan Kaka, na fita kafin ta gama tambaya. Kaka ta buɗe ƙofa ta gan ni, ba ta yi mamaki ba, ba ta yi murmushi ba.

"Kin makara, takwara. An rage miki gefen bango."

Da Baba ya bugo waya ransa a ɓace, ina jin ta tana cewa, "Ba kai ka aiko ta ba, ba ni na kira ta ba. Ƙafarta ce ta kawo ta. In kana da magana da ƙafar, zo ka same ta a nan, ƙaninka ma yanzu zai zo." Baba bai zo ba. Ni da Nafisa muka yi faɗa a kan bargo har Kaka ta buga bango, daga nan kuma babu wanda ya ƙara maganar rabon Asabar.

A wannan daren ta ba mu ƙarshen. Ta ce tun da ƙwaƙwalwar Papa ta fara zuba, kullum bayan abincin rana sai ya nemi biro da takardar goge baki, ya zauna ya sake rabon ɗakunan otal ɗin nan, yadda ya kamata ya bar su. Ya gama ya miƙo mata ya ce ta duba, ba a haɗa 'yan gida ɗaya ba ko? Ita ba ta iya karanta rubutunsa, amma takan sa tabarau ta bi layi layi da yatsa ta ce daidai ne, Papa. Sai ya yi barci. Daga baya da ya rasu, ta taho da guda ɗaya, ta ajiye a gwangwanin da take zuba allura da zare.

Da na shiga kwaleji na nemi labarin. Ƙasar gaskiya ce, hukumar ma gaskiya ce, da kofunan, da rabuwar, da sunan da ya zauna a ƙofa bayan masu shi sun watse. Na ga hotunan shugabanni da masu horarwa da 'yan wasa. Ban ga inda aka ambaci mai rabon ɗaki ba. Ban san nawa ne na Papa ba, nawa ne gishirin Kaka, kuma ina zargin ta jera labarin ne daidai wuyana. Na kuma san takardar ɗakin kwana ba ta hana yaƙi. Tsohon ya ɗora wa kansa kayan da ba nasa ba, ina jin tausayinsa a kan haka. Amma abin da ya gani da safen nan da ya buɗe ƙofa bai ga kowa ba, wannan na yarda da shi, don na gan shi a gidanmu. Baba da Baffa Sani ba su taɓa ɗaga wa juna murya ba bayan rabuwar masallaci. Shekara bakwai suna gaisawa a wurin suna da biki, ina gajiya, ina iyali, madalla, kowa ya juya. Mutane na yaba musu wai sun iya zama. Ni kuwa duk lokacin da na ga gaisuwar nan sai gabana ya faɗi, don babu abin da ya rage a tsakaninsu da za a yi faɗa a kansa.

Kaka ta rasu ina shekara ta biyu a kwaleji, cikin sanyi. Aka yi zaman makoki a gidanta. 'Yan'uwa suka zo daga jihar Ohio da wasu wurare, gida ya cika har maƙwabciya ta ba da falonta. Tunda 'ya'yanta biyu ne masu karɓar gaisuwa tun daga asuba, dole su kwana a nan. Manyan mata suna fama da tukwane, sai suka ce ni da Nafisa mu san inda za mu kwantar da kowa. Na ɗauki biro da bayan wata ambulan. Muka dubi juna, ba mu yi shawara ba.

Baba ya ja ni gefe wajen firji ya rage murya. "Ummi, ki sa ni a falon maƙwabta tare da baƙin Ohio. Kin gane ai. Don a zauna lafiya."

Ban taɓa ce wa mahaifina a'a ido da ido ba. Na sunkuyar da kai na ce, "Baba, ka yi haƙuri, an riga an rubuta. Ɗakin Kaka ne, kai da Baffa."

Gado ɗaya ne a ɗakin. Bayan isha'i suka shiga, aka rufe ƙofa. Ni da Nafisa muka koma kicin muka kunna baki biyu, muka zauna a ƙasa, babu wadda ta iya hawa kujerar roba. Shiru. Ruwa ya tafasa, shiru. Na fara cewa a raina na yi wauta, na ɗauki tatsuniya na ɗora wa mutane masu furfura a ranar da suka binne uwarsu. Sai muka ji muryar Baba.

"Sani, rufe tagar nan."

"Yaya, hitar nan za ta dafa mutum. Tun muna Kumasi kake rufe wa mutane iska."

"Tun muna Kumasi kake minshari kamar injin niƙa, wa ya hana ka?"

Daga taga suka koma kan wanda ya fi zuwa duba Mma a asibiti, daga nan suka faɗa Mauludi da ƙarfinsu, suka dawo kan wani keke da aka saya musu suna yara. Can sai maganar ta yanke, muka ji ɗaya yana kuka. Har yau ban san wane ne ba, muryarsu iri ɗaya ce. Na yunƙura zan tashi, Nafisa ta miƙo doguwar ƙafarta ta tare ni, ta zuba mana shayi.

Da safe ina fitowa da buta na tarar da su biyu a tsaye a ƙofar kicin, idanu jajaye, kowa da bargo a kafaɗa. Baffa ya ce shi bai runtsa ba, mutumin nan ya kwashe filo duka biyun. Baba ya ce yau kam sai an canza masa ɗaki, ko a baranda ne. Suna faɗa suna katse juna, kafaɗarsu na gogar juna a 'yar ƙofar nan.

Na ajiye butar, na durƙusa na gaishe su yadda Kaka ta koya mini. Sannan na ɗaga kai na dube su can sama na ce, "Ku yi haƙuri, ku dawo gobe."